Ƙofar Hawa na Huɗu

"Ku dire ni nan," in ji Injiniya, "kafin ku kife da ni ku ce tsautsayi ne."

Mazan biyu suka ajiye kujerar robar a hawa na huɗu suna haki. Ɗaya ɗan ƙanensa ne, direba. Ɗayan mai askin da ke da shago a ƙasan benen. Sau uku a mako suke sauko da tsohon daga hawa na shida a kai shi asibiti wankin ƙoda, sau uku suke mayar da shi, kuma kullum a nan suke yada zango.

Tela ta fito daga ɗakinta da tef a wuya, ta miƙa wa maɗaukan ruwa. Injiniya kuwa tsumma mai sanyi ta ɗora masa a ƙeya, don likita ya hana shi ruwa sai kurɓi.

"Sannu, Kawu. Yau da sauƙi?"

"Da sauƙi mana. An wanke ni, saura guga. Ina mai gadin nawa?"

"Ga ni a ofis," wata murya ta amsa daga cikin lifta.

Mahaifin Tela ne. Ciwon suga ya tafi da idanunsa, tsufa kuma ya fara sakin zaren tunaninsa, ka gaya masa magana da safe, kafin azahar ta bi iska. Wata huɗu ke nan liftar benen tana tsaye a hawansu ba wuta, shi kuwa ya mayar da ita ɗakin hutawa. Kullum in ya ci abincin rana sai ya lallaɓa da bango, ya ja ƙofar ƙarfen, ya tura 'yar kujerarsa ta katako ciki, ya bi ta ya zauna da rediyo. Wannan kam bai taɓa mantawa ba.

Ana cikin gaisawa Wakili ya hawo, mutumin da ke kula da benen a madadin mai shi. Bayansa ga Na-bakwai, ɗan kasuwar hawa na bakwai, yana jan tumbi yana share gumi da hankici.

"Injiniya, dubi yadda ka koma," in ji Wakili. "Don Allah ka tausaya wa kanka, in mu ba ka tausaya mana."

"An kawo ƙugiyar?"

"Tana hanya."

"Tun wata biyu da suka wuce take hanya. Da ƙafa take zuwa?"

Mai aski ya yi dariya, Wakili bai yi ba. Ya ce shi dai an gaya masa akwai wata waya da ake haɗawa, lifta ta tashi nan take.

Injiniya ya numfasa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran lifta kafin ya ajiye aiki, kuma bayanin nan ya yi musu shi ya fi a ƙirga. Duk da haka ya ɗaga ɗan yatsa ya lanƙwasa.

"Kowace ƙofa tana da ƙugiya kamar wannan. In ƙofa ta rufe, ƙugiya ta faɗa ta kama, sannan lifta ke samun labari ta tashi. Ta wannan hawan ta cinye, ko yaro ya ja ƙofar za ta buɗe. Lifta ta ji haka ta ƙi motsi, don ta fi mu hankali. Ni kuma na sauko da ita nan na kashe wuta, don duk wanda ya ja ƙofar ya tarar da daɓe, ba rami ba."

"To, wayar fa?"

Tsohon ya laluba aljihu ya zaro makullan gidansa. A jikin zoben an ɗaure wata jar waya, tsawonta bai fi taƙi ba.

"Ga ta. Aikinta ƙarya. Tana gaya wa lifta ƙofofi duk a kulle suke, ko da a wangale suke. Don gwaji muke sa ta, minti biyu. Ka san abin da ya sa take jikin makullin gidana? Ubangidana ne ya koya mini. In na manta ta a jikin inji, ba ni da hanyar shiga ɗakina sai na koma na cire ta." Ya mayar aljihu. "Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ko ba haka ba, mai gadi?"

"Ubanka ne makaho," in ji Baba daga ciki, yana dariya.

Na-bakwai ya ninke hankicinsa. "To, ai shi ke nan. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Ya raɓa kujerar ya ci gaba da hawa.

Tela ta bi shi da kallo. Wannan mutumin da bakinsa, sau nawa ya aiko wa Injiniya da fanka da dutsen guga da injin ruwa, a gyara masa kyauta, ko sannu sai an ci sa'a. Benen nan kaf ba gidan da hannun tsohon bai taɓa ba. Amma tun ranar da lifta ta tsaya suka mayar da shi abokin gaba, har mata kan ja tsaki in sun wuce ƙofarsa da kaya a ka.

Ranar Alhamis ciwon baya ya kama mai aski, ko sunkuyawa ba ya iya yi. Direba ya zo da wuri ya tsaya shi kaɗai a bakin kujera. Tela ta ajiye ɗinkin da ke hannunta ta bi ƙofofi tana ƙwanƙwasawa.

Maza goma sha tara ne a benen, ta ƙirga su daga baya don takaici. Wani ya ce yana da taro. Wani ya ce likita ya hana shi ɗaukar nauyi, alhali jiya ta gan shi da buhu a kafaɗa. Wani matarsa ce ta leƙo ta ce ba ya nan, ga takalmansa a bakin ƙofa, ga tarinsa yana fitowa daga ciki. Na-bakwai kam bai ɓoye ba.

"Maganin yana aljihunsa," ya ce. "Ya haɗa waya ya sauka kamar kowa."

Ranar ba a je asibiti ba.

Washegari da yamma Tela ta hau duba shi. Ƙafafunsa sun kumbura har fata na sheƙi, numfashi sai ya jingina da matasai uku yake samu. Matarsa tana gefe tana yi masa fifita da murfin kwali. Wakili yana tsugune a gaban gado, ya sassauta murya kamar mai neman aure.

"Awa ɗaya tak. Don kai, ba don mu ba. A sauke ka, a dawo da kai, a cire."

"In lifta ta bar hawa na huɗu," Injiniya ya ce yana tsayawa tsakanin kalmomi, "me ke bayan ƙofar?"

"Sai a sa wani ya tsaya."

"Wa? Mutanen da suka kasa riƙe ƙafar kujera?"

Wakili ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya fita. Matar Injiniya ta bar fifita.

"Kai dai taurin kanka ne zai kashe ka," ta ce, hawaye na bin fuskarta.

"Ƙoda ce za ta kashe ni, kada ki ɗora wa kaina laifi." Ya juyo wajen Tela. "'Yata, in kin taɓa jin ta motsa, kada ki tsaya tambayar wa ya yi. Ki sauka kawai."

"Ba za ta motsa ba, Kawu. Na samo mai kawo tukunyar gas, ya ce gobe zai kama kujerar."

Mai gas ya cika alkawari, ƙarfe bakwai na safe yana bakin ƙofa. Sun tarar an shirya tsohon, an zaunar da shi a kujerar roba, da hularsa, da silifas don takalmi ya daina shiga. Direba ya sunkuya ya ce, "Baba, mu tafi." Bai amsa ba. Matarsa ta ce yanzun nan ya tambaye ta ƙarfe nawa. Mai gas ya taɓa wuyansa, ya daɗe, sannan ya cire hannu ya ja da baya.

Kafin ƙarfe goma gidan ya cika. Tela tana ɗakin ciki tana riƙe da matar, amma ta labule tana ganin falo. Duk ga su nan. Mai taro ya fasa taronsa. Wanda likita ya hana ɗaukar nauyi shi ke ɗauko kujeru biyu biyu daga maƙwabta. Wanda ba ya nan ran Alhamis ya fi kowa jan hanci. Matakalar da ta gagare su shekaranjiya yau sun hau ta ba wanda ya mutu.

Na-bakwai ya zauna a kujerar Injiniya ta hutawa, yana karɓar gaisuwa kamar shi aka yi wa rashi.

"Mutum ne na mutane," yake cewa. "Allah ya jiƙansa. Irinsu sun ƙare. Ni abin da ke damuna, a ce mutum kamar wannan a sauko da shi ta matakala, ana karo da bango, ana juya shi a kwana kamar katifa? Haba. Darajarsa ta wuce haka. Ga manyan baƙi za su zo, wasu dattawa ne."

Aka yi ta gyaɗa kai. Tela ta ji kamar ta fito ta tofa masa yawu, ta daure saboda matar da ke kuka a kafaɗarta. Ta ɗauka surutu ne irin nasa.

Ana jiran 'yar marigayin da ke tahowa daga wani gari, don haka aka ce sai bayan azahar za a fita da shi. Tela ta sauka ta ba Baba abinci, ta gaya masa abokinsa ya rasu. Ya yi kuka sosai, ya share ido, ya ce a ƙara masa miya. Ta koma sama.

Tana tattara kofuna a falo ta ga makullan Injiniya a kan tebur. Da safe a ƙusa suke, bayan ƙofa, ita da kanta ta rataye su. Ta ɗauka. A jikin zoben ba abin da ya rage na jar wayar sai ɗan guntu, an datse shi da filaya, bakin tagullar yana ƙyalli.

"Inna, wa ya taɓa makullan Kawu?" ta tambaya daga bakin labule.

"Wakili ne ya karɓa ɗazu. Wai zai buɗe ɗakin inji ya ɗauko tabarmi. Shi da wani mai gyaran wuta."

A lokacin ta ji shi. Wani gunji ne daga cikin bango, ƙasa ƙasa, wanda kunnenta ya manta da shi wata huɗu. Kofunan da ke kan tire suka ɗan yi rawa. A falo wani ya ce, "Alhamdu lillahi, ta tashi."

Ba ta san inda ta yar da tiren ba. Ta faɗa matakala ba takalmi, tana ture masu hawowa, wata ta ce mata, "Ke lafiya?" ba ta waiwaya ba. Hawa na biyar. Kwana. Tana sako ƙafa a hawa na huɗu ta hango shi.

Baba ya riga ya ja ƙofar. Rediyo na rataye a wuyansa, hannunsa ɗaya a marikin ƙofa, ɗayan riƙe da 'yar kujerar. Gabansa baƙin rami ne, igiyoyin ƙarfe suna gudu a ciki. Kafin ta kai gare shi ya sunkuya kamar kullum ya tura kujerar gaba, ya saki.

Shiru. Sannan can ƙasa aka ji ta tarwatse.

Ya ɗaga ƙafa zai bi ta, Tela ta cafki bayan rigarsa da hannu biyu ta fizgo, suka zube tare a kan siminti. Ta rarrafa ta tura ƙofar da kafaɗa ta rufe, ta jingina bayanta da ita.

"Wa ya ɗauke mini kujera?" in ji Baba, yana laluben ƙasa. "Ke ce? Me ya sa kika ja ni haka kamar akuya?"

Ƙarar ta sauko da mutane. Wakili ne a gaba, Na-bakwai yana leƙe ta saman kafaɗarsa. Suka dubi tsohon a ƙasa, suka dube ta, suka dubi ƙofar.

"Kai, Allah ya kiyaye," in ji Wakili. "Ai Allah ya kiyaye."

"Ka je ka kashe ta."

"Ki kwantar da hankalinki, Tela. Na yau ne kawai, saboda gawa. Yanzu zan sa a manna takarda a ƙofar."

"Takarda." Ta dube shi. "Wa zai karanta? Shi? Ko 'yan biyun maƙwabciyata da ba su shiga makaranta ba, da suke wasan ɓuya a ciki kullum?"

"To, ki kulle shi a ɗaki mana," in ji Na-bakwai. "Iyayen yara su tsare yaransu. Mutum ɗaya ba zai tsayar da bene guda ba. An yi wannan an gama."

Ya faɗi haka, alhali gawar tana kwance hawa biyu a saman kansa ko sanyi ba ta gama yi ba. Tela ta nemi zagin da zai dace da shi ta rasa. Abin da ta ji ba fushi ba ne, ƙyama ce, irin wadda mutum ke ji in ya buɗe tukunyar da aka manta kwana uku. Ta dubi fuskokin da ke jere a matakala, mutanen da take ɗinka wa kayan 'ya'yansu, ba wanda ya yarda suka haɗa ido.

"Da wayarsa kuka yi," ta ce. "Ko taku ba ku iya nemowa ba. Sai da kuka jira ya mutu kuka yanke ta daga makullin gidansa. Tir."

"Mai gyaran bai zo da tasa ba ne," in ji Wakili, kamar wannan amsa ce.

Bayanta ƙofar ta yi rawa, lifta ta wuce sama. Ta siririn gilashin da ke tsakiyar ƙofar wani yaro ya leƙa ya ce, "Matar hawa biyar ce, da jarkokin ruwa." Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suka koma wajen zaman makoki.

Tela ta jawo Baba ta zaunar da shi kusa da ita. Ta kira maƙwabciyarta ta ce ta kulle 'yan biyu, matar ta ce to, amma Tela ta san yaran, ta kuma san akwai wasu takwas a hawa na uku da na biyar da suka saba da wannan ƙofa. Ba ta tashi ba.

Wajen ƙarfe uku direba ya sauko. Idanunsa sun yi ja.

"Anti, Inna ta ce ki zo. 'Yarsa ta iso, za a fita da shi. Ta ce ki zo ki gan shi kafin a rufe."

"Ba zan iya barin nan ba," ta ce. "Ka ce mata ta yafe mini. Kai kuma, don girman Allah, ku sauko da shi ta matakala. Ta nan ya saba bi."

Direba ya sunkuyar da kai.

"Na roƙe su. Mai aski ba ya iya tashi, mai gas ya tafi aiki. Ni kaɗai ne, Anti. Sun ce an riga an gyara lifta, kada a yi wa gawa wahala." Ya ƙara da cewa, "Makarar ba ta shiga ciki ba. Sun ce za a tsayar da shi a jingina da bango, mutum biyu su riƙe."

"A tsaye?"

"A tsaye."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Shi kuma ya sauka don ya matso da mota bakin ƙofa.

Hawan ya yi tsit. Rediyon Baba ya fashe a faɗuwar da suka yi, yana ta murɗa shi ba ya cewa komai. Daga sama ta ji an ja ƙofa, ta ji takun mutane da yawa, da muryar Na-bakwai yana cewa a yi a hankali da kan. Sannan gunjin ya taso.

Ta ji shi a ƙashin bayanta tun yana nesa. Ƙarfen ya ɗauki rawa, rawar ta ƙaru. Ba ta juya ba. Hasken cikin liftar ya fito ta siririn gilashin, ya faɗa a bangon da ke gabanta, ya zame a hankali ya ɓace.

"Allah ya jiƙanka, Kawu," ta ce a hankali.

"Wa ya wuce?" in ji Baba.

"Ba kowa, Baba. Jingina da ni."

Ta ji an buɗe ƙofa a ƙasa, ta ji motar direba ta tashi, ƙarar ta yi nisa. Ba a yi minti biyar ba aka sake kiran liftar daga sama, ta wuce ta bayanta da muryoyin mata biyu suna hira. Iska mai sanyi ta fito ta ƙarƙashin ƙofar tana taɓa mata ƙugu. Baba ya fara gyangyaɗi, kansa ya sauka a kafaɗarta. Tela ta miƙe ƙafafunta a kan simintin, ta nannaɗe gefen rigarsa sau biyu a wuyan hannunta.